Sawun Damisar Don Gumersindo

Ranar Lahadi da la'asar sakaliya aka jiyo ihun Don Gumersindo Zárate tun daga bakin coci. Mutumin da ya shekara hamsin yana sassaƙa a ƙauyen San Roque ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai ga shi tsaye a tsakar gida da takardar asibiti a hannu, yana kiran sunan duk waliyyin da ya sani. Damisarsa ta ɓace.

Ba wanda bai san damisar nan ba. Wata goma sha ɗaya yana kanta. Daga kututturen itacen kopal guda ya sassaƙa ta, girmanta ya kai ɗan maraƙi, ta ɗaga ƙafar gaba kamar za ta taka wani abu ta fasa. Matarsa Doña Casilda ta yi wata huɗu tana yi mata ado ɗigo-ɗigo, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, har sai ido ya gaji bai gama kallo ba. Ranar Juma'a za a kai ta gasar masassaƙa a birnin Oaxaca. Kowa kuma ya sani, ko da ba a faɗa, cewa daga ita ba wata. Hannun tsohon ya fara rawa, ko kofin kunu sai ya riƙe da hannu biyu.

Kafin rana ta faɗi ƙauye ya gama yanke hukunci. Ran nan aikin gayya aka yi a magudanar ruwa, kowane magidanci ya fito da shebur, ban da mutum ɗaya: Nicanor. Shekara goma sha takwas ya yi a ƙarƙashin Don Gumersindo, suka rabu baram-baram shekara shida da suka wuce, tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. Ga shi kuma ba ɗan gari ba ne, daga kan duwatsu aure ya kawo shi. Wasu suka bi ta rumfarsa suka yi mata ruwan duwatsu, suka karya masa sassaƙaƙƙun zomaye da mujiyoyi na aikin wata biyu.

Da safiyar Litinin shugaban ƙauye, Don Aurelio, ya taka da kansa har garken Doña Petronila.

Petronila ta ba sittin baya, kuma tun tana 'yar shekara bakwai take bin awaki a dutse. Jaki ya ɓace, ita ake kira. Saniya ta shiga gonar wani an ƙi amsawa, ita ake kira. Ba ta iya karatun takarda ba, amma ƙasa ba ta ɓoye mata komai.

"Tía, ki taimake ni," in ji Don Aurelio, da sunan da kowa ke kiranta, wato inna. "Ƙarfe biyar na yamma mutane za su taru. So suke a kori Nicanor da iyalinsa."

"An ga damisar a hannunsa?"

"Ba a gani ba."

"To me aka gani?"

"An ga bai zo gayya ba."

"Ni ma ban zo ba, Aurelio. A haɗa da ni."

Ta ɗauki sandarta ta yafa mayafi. Daren Asabar an yi ruwa, jiya ba a yi ba. Wannan kaɗai ya faranta mata, don sawun jiya yana nan a laka.

Tsakar gidan Don Gumersindo kuwa 'yan jaje sun gama da ita. Sawu kan sawu, kamar an ci kasuwa. Petronila ta tsaya ta duba, ta yi tsaki.

Tsohon yana zaune a rumfar aiki, gaban wurin da damisar take tsayawa. An share wurin fes.

"Don Gume, yaushe ka bar gida?"

"Da sassafe. 'Yata ta zo ta ɗauke ni. Kwana uku aka ce zan yi a birni ana gwaje-gwajen hannun nan. Muka je aka ce na'urar ta lalace, a dawo wani mako. Na ce ba zan zauna kallon bango ba, na hau mota na dawo." Ya dubi wurin da aka share. "Da ma na zauna, Petronila. Da na ƙara kwana uku ban sani ba."

"Wa kake zargi?"

"Ban kira sunan kowa ba."

"Amma da aka kira ba ka hana ba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ni na koya masa riƙe wuƙa. Ya san inda sakatar ƙofar baya take."

Doña Casilda ta fito da kunun masara a ƙoƙo. Ita ta yi wa ɗan Petronila uwar baftisma, don haka komadre suke ce wa juna. 'Yar ƙaramar mace ce, yatsunta duk fenti.

"Komadre, ke kina ina?"

"Wajen gayya, muna yi wa maza girki. Ƙarfe goma na fita."

"Kin kulle?"

"Wa yake kulle ƙofa a San Roque?"

"Wa ya share wurin nan?"

"Ni. Kullum ina shara."

Petronila ta shanye kunun ta yi godiya. Ba ta ƙara tambaya ba.

Tana fita Filemón ya tare ta. Shagonsa ne ke kallon gidan, shi ma masassaƙi ne, ko da yake bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi.

"Tía, kada ki wahalar da ƙafarki. Ko dai Nicanor, ko kuma shi da dillalin nan mai farar mota. Jiya da hantsi na ji ƙarar mota a layin nan."

"Ka ji, ko ka gani?"

"Na ji. Ina can ciki ina shirin fita gayya."

Ta bi layin a hankali, kanta a ƙasa. Ga sawun taya nan a laka, ya shigo daga babban titi. Ta tsuguna ta sa yatsa a ciki, ta matsa gaba ta sake sawa. Ta bi shi har inda ya tsaya, sannan ta ɗago tana murmushi.

"Filemón, motar nan da nauyi ta shigo, da sauƙi ta fita. Ɓarawon damisa da sauƙi zai shigo ya fita da nauyi. Kuma ba a ƙofar Don Gume ta tsaya ba, a bayan shagonka ta tsaya. Buhu nawa aka sauke maka?"

Fuskarsa ta yi kamar an watsa mata toka. Ya waiga hagu da dama.

"Tía, don girman Allah, a hankali. 'Yan ƙadangarun itace ne da ba a fenta ba, daga wani ƙauye. Baƙi suna son masu araha, ni kuma hannu biyu gare ni."

"Sai ka rubuta sunanka a cikinsu."

"Ai ni nake fentawa!"

"Wannan tsakaninka da limamin coci. Amma mai irin wannan kaya a bayan shago, da ya rage nuna mutane da yatsa."

A gidan Nicanor, matarsa Macrina tana tsince ɓaraguzan zomaye a kwando, tana kuka tana zagi.

"Ki tambaye shi, Tía! Ni na gaji. Tun jiya nake cewa ina ka je, ya yi mini shiru kamar kututture. Za su kore mu da yara uku, shi kuwa ya ɗinke baki. In wata mace ce ma ya faɗa, na yafe!"

Nicanor yana zaune a kan turmi, ƙato, kafaɗunsa sun faɗi. Ya ɗaure babban yatsansa da tsumma.

"Nicanor, ka saci damisa?"

"Ban saci komai ba, Tía."

"Ka san inda take?"

Ya shiga gyara tsumman yatsansa.

"Ina ka wuni jiya?"

"Ina da aiki."

Ta matso kamar za ta duba yatsan. Warin fetur ya buge ta, ba daga rigarsa ba, daga tafin hannunsa. Mutumin nan kuwa ba shi da ko babur. Ta saci kallon takalminsa: na roba ne mai doguwar wuya, an yi masa faci a dugadugin hagu.

"Ka san abin da za a yi ƙarfe biyar?"

"Na sani."

"Kuma ba za ka yi magana ba?"

"Na riga na yi alkawari, Tía," ya ce, muryarsa can ƙasa. Macrina ta yi jifa da kwandon ta shige ɗaki.

Petronila ta zagaya ta bayan gidan Don Gumersindo, inda 'yan jaje ba su taka ba. Ƙofar baya tana buɗewa ne cikin gonar magey, tsiron da ake yin giyar meskal da shi, daga nan wata siririyar hanya ta gangara rafi. A nan ƙasa ta fara magana.

Sawun baro, taya ɗaya, ya nutse sosai. Ta fara neman facin dugadugin hagu, ba ta gan shi ba. Abin da ke bayan baron ƙananan ƙafafu ne cikin silifa, takun gajeru, yatsu sun kafe a ƙasa irin na mai tura abin da ya fi ƙarfinsa. Bayan taku talatin ƙafafun baron biyu sun zauna a laka: an huta. Bayan ashirin an sake hutawa. A inda hanya ta yi gargada, mai turawar ya tsaya ya kawar da duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a gefe. Petronila ta daɗe tana kallon duwatsun nan. Ta bi sawun ɓarayi da yawa a rayuwarta, ba ta taɓa ganin wanda ya tsaya gyara hanya ba.

A wurin hutu na uku ta ga abin. Wani ɗan gari ne mai ruwan ƙwai a kan ganyen ciyawa, bai fi cikin cokali ba. Ta koma wurin hutu na biyu, ga shi. Na farko ma ga shi. Ta dangwala ta murza a yatsa, laushinsa ya fi na garin masara. Ta shinshina: ƙamshin kopal. Ba garin zarto ba ne, ba na goga ba ne. Duk wanda ya girma a San Roque ya san garin nan, kuma ba wanda yake son ganinsa a gidansa.

Ta zauna a kan dutse, ta yi alamar gicciye a goshinta. "Wayyo, Gume," ta ce.

A bakin rafi takalmin faci ya bayyana. Daga ƙetare ya taho da sauri, ya tsaya gaban ƙananan ƙafafun. Sun daɗe a tsaye. Daga nan shi ya karɓi baron, silifa kuma suka juya gida. Ta bi baron ta haye rafi, ta hau tudu, har tsohuwar bukkar da ake dafa meskal a da. Ta tura ƙofar ta leƙa, ta ja ta rufe.

Ƙarfe huɗu ta sami Don Aurelio.

"Ka ce wa taron su jira. Ka kawo mini mutum biyar kawai: Don Gume da matarsa, Nicanor da tasa, da Filemón."

"Filemón kuma na me?"

"Don kafin mu sauko labari ya riga mu isa gari."

Suka hau tudun a jere. Don Aurelio yana riƙe da hannun tsohon. A ƙofar bukkar Petronila ta tsaya ta tokare sandarta.

"Zan faɗi abin da ƙasa ta gaya mini, ba zan ƙara ko kalma ba. Damisa ta fita ta ƙofar baya a cikin baro. Nicanor ne ya kawo ta nan."

"Na faɗa!" in ji Filemón. Macrina ta dafe ƙirji.

"Rufe baki, ban gama ba. Daga rafi ya karɓa. Daga gida zuwa rafi wani ne ya turo ta, mai ƙaramar ƙafa, wanda ya huta sau bakwai, ya kawar da duwatsu don kada ta girgiza. Kuma duk inda aka huta, wannan ya zuba."

Ta kwance bakin mayafinta, ta kama hannun Don Gumersindo mai rawa, ta zuba masa garin a tafi.

Bai ko kai shi kusa da ido ba. Ya murza sau ɗaya.

"Ƙwaro ya ci itacen," ya ce.

Ba wanda ya motsa. Petronila ba ta kalli kowa ba, ta zuba ido a kan sandarta tana jira. Ta yi niyyar in an kai ga dole za ta kira sunan, amma tana roƙon Allah kada a kai.

"Ni ce," in ji Doña Casilda.

Ta fito gaba, hannayenta a cikin mayafi.

"Ni ce, Gume. Mako uku ke nan, ina ɗiga mata ado a ƙafar baya sai buroshi ya nutse. Na duba, ramuka kamar na allura. Kullum da safe kafin ka tashi nake share garin. Na toshe na fenta, washegari sabo ya fito. Ƙafar ta zama fanko. Da an kai ta birni, a gaban mutane za ta durƙushe."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"In gaya maka me? Itacen nan na ce maka bai bushe ba, ka ce ba ka da shekarar jira. Na san abin da likita ya faɗa maka, ko da ka ɓoye mini. Sai in zo in ce aikinka na ƙarshe ruɓaɓɓe ne?" Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Da aka ce kwana uku za ka yi, na je na roƙi Nicanor. Duk garin nan shi kaɗai zai sassaƙa ƙafa a ɗauka hannunka ne. Na ce ya kashe ƙwaron ya sauya ƙafar, ni in fenta, mu mayar kafin ka dawo. Na sa shi ya rantse ba zai faɗa ba."

"Ke kuwa da aka fasa mana rumfa kina ina, Doña Casilda?" in ji Macrina. "Da 'ya'yana suka ɓuya ƙarƙashin gado kina ina?"

"Ina gida, 'yata, ina jin ƙarar duwatsun. Na tashi sau uku in fito, na koma na zauna. Mijina ya dawo yana ihu, kafin in buɗe baki gida ya cika. In ce ƙwaro a gaban jama'a? Kin san gidan da aka ce yana da ƙwaro, ba baƙon da zai ƙara shiga. Na ce bari gari ya waye, da ya waye abin ya fi ƙarfina. Ba ni da hujja. Tsoro ne kawai, kuma ke kika biya."

Macrina ta kau da kai. Ba ta ce ta yafe ba.

Petronila ta tura ƙofar. Warin fetur ya fito. Damisar tana kwance a kan barguna biyu, an tallafe kanta da matashi. Ga sirinji da kwalba a gefe, an bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da fetur don kashe ƙwaron. An cire ƙafar baya. Kusa da ita ga sabuwa, farin itace busasshe, an kusa gamawa.

Don Gumersindo ya durƙusa da ƙyar. Ya ɗauki tsohuwar ƙafar ya matsa da babban yatsa, ta burme kamar gurasa. Ya ajiye. Ya ɗauki sabuwar ya rufe ido, yana bin ta da yatsu daga cinya zuwa farce, ya koma ya sake bi.

"Wannan itacen fa?"

"Shekara huɗu yana rataye a rufin ɗakina, maestro," in ji Nicanor, yadda ya saba kiran malaminsa. "Na ajiye shi ne don in sassaƙa wani doki."

"An jefe ka, an zage ka, ana shirin korarka. Duk kan mutumin da ya ce maka kada ka ƙara taka gidansa."

"Shekara goma sha takwas na ci tuwon gidan, maestro."

Tsohon ya sake shafa gwiwar. Sannan ya miƙa wa Nicanor ƙafar.

"Gwiwar ta yi kauri."

"Ban gama ba ai."

"Kullum haka kake cewa." Ya laluba aljihu ya fito da wuƙarsa mai ƙotar ƙaho, wadda ko Casilda ba ta taɓawa. Ya juya ƙotar wajen Nicanor. "Rage nan, da nan. Ni ba zan iya ba."

Wannan ne karo na farko da aka ji ya faɗa da bakinsa.

Da suka sauko, filin gaban ofishin ƙauye ya cika. Don Aurelio ya ce zai yi wa mutane bayani a taƙaice, ba sai an ambaci ƙwaro ba. Tsohon ya girgiza kai, ya ce a ba shi lasifika. Casilda ta riƙe masa ita, don hannunsa ba zai iya ba.

"Ni ne Gumersindo Zárate," ya ce, kamar akwai wanda bai san shi ba. "Ba a sace mini komai ba. Ɗanyen itace na sassaƙa saboda gaggawa, ƙwaro ya shige shi. Laifina ne. Nicanor gyara mini yake yi. Wanda ya san ya ɗauki dutse jiya, gobe da safe ya same ni a rumfarsa da guduma da ƙusa. Ni zan riga kowa zuwa, don ni na fi kowa jifa, da shirun da na yi."

Washegari mutum tara suka zo, ko da yake Petronila ta riga ta ƙirga sawun masu jifa goma sha huɗu a gaban rumfar. Ba ta tona sauran ba, ta dai riƙa gaishe su da suna a hanya har suka daina haɗa ido da ita.

Damisar ba ta je gasa ba. Fetur ya ɓata adon cikinta, sai da Casilda ta ƙara wata biyu a kai, Macrina kuma ta daɗe kafin ta amsa gaisuwarta. Baƙi sun ragu a gidan Zárate a shekarar, kamar yadda aka ji tsoro. Ranar da aka gama, aka kwantar da damisar don a sa suna a cikinta. Don Gumersindo ya karɓi buroshi, hannu ya ƙi tsayawa, ya miƙa wa matarsa.

"Rubuta naki tukuna," ya ce. "Sannan nasa. In wuri ya rage, ki sa nawa."